Bin Sawun Hadari Maras Kan Gado



Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi bai cika kilomita talatin ba, amma duk wanda ya saba bin wannan hanya da damina ya sani sau da yawa mutum yakan baro Kurfi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya iso nan ya tarar ƙura na tashi a kasuwa. Ni kaina na taɓa tsayawa a gefen hanyar wata rana a farkon damina, hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, har manoma sun fara fito da sungumi da iri, sai ya dare gida biyu, rabi ya yi arewa, rabi ya watse, mu kuwa ba mu samu kome ba sai holoƙo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan hadarin ba shi da kan gado." Maganarsa ce na ara na raɗa wa wannan lacca, domin abin da nake so in nuna yau shi ne, hadari mai ƙarfi wanda ya kintsa ya fi sauƙin bi a kan maras ƙarfi wanda ya kasa kintsawa, kuma na biyun yakan yi ɓarna mai yawa saboda ba a san inda za a tare shi ba.

Bari mu fara da yadda hadarinmu yake haɗuwa. Da damina iska iri biyu ce ke bisa kanmu. A ƙasa akwai mai danshi da ke zuwa daga kudu maso yamma, watau daga teku. A sama kuma, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata mai gudu da ke fitowa daga gabas, wadda zafin Sahara da sanyin kudu ke haifarwa. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai danshi ta tashi sama ta zama gizagizai, to wannan saɓani na iskar sama da ta ƙasa shi ke jera gizagizan su zama sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ya nufi yamma da gudun kimanin kilomita hamsin a sa'a. Ruwan da ke zuba daga cikinsa yakan sanyaya iska ta faɗo ƙasa ta bazu gaba, ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da ke kwashe rufin kwano kafin ɗigon farko ya sauka. Ita ce kuma ke cusa kai ƙarƙashin iska mai ɗumi ta ɗaga ta, sabbin gizagizai su tsiro a gaba yayin da na baya ke mutuwa. Ta haka hadarin da ya tashi a tsaunukan Jos ko na Azbin da la'asar yake iya kwana yana tafiya. Masana sun ƙiyasta cewa irin wannan hadari mai sahu, ko da yake bai da yawa a lissafi, shi ke kawo kusan kashi tara cikin goma na ruwan yankin Sahel.

Wannan shi ne mai kan gado. Tun 1977 da aka harba tauraron ɗan'adam na farko mai suna Meteosat ake iya ganinsa daga sama, kuma a 2004 hoto ya fara zuwa kowane minti goma sha biyar. Idan an hango shi a kan Kano ya doso yamma, ma'aikacin yanayi yana iya cewa bayan sa'a biyu ko uku zai iso ƙasar Dutsin-Ma, kuma galibi ba zai ji kunya ba.

Maras kan gado fa? Shi tarin gizagizai ne barkatai, kowane na cin gashin kansa, wannan ya tashi ya mutu cikin sa'a guda, wancan ya tsiro a wani wuri dabam. Babu goshi guda da za a auna gudunsa. Abin da ke sa ya tsiro nan ya ƙi can kuwa ƙanƙane ne ƙwarai. Bincike da aka yi a Sahel ya nuna hadari ya fi son farawa a kan busasshiyar ƙasa da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya, domin bambancin zafinsu yakan tayar da 'yar iska a tsakani. Watau ruwan da Kurfi ta samu shekaranjiya yana da hannu a inda hadarin yau zai tsiro. Wace na'ura ce ta auna danshin kowace gona? A 1990 masu bincike suka dasa ma'aunin ruwa kimanin ɗari a kewayen Yamai, suka tarar wurare biyu da ke kusa da juna suna iya bambanta ƙwarai a jimlar ruwan damina ɗaya. Saboda haka abin da dattijon nan ya gani da idonsa, ilmi ya tabbatar da shi.

Yanzu ina so mu bi wannan hadari har inda yake ƙarewa, domin labarinsa bai tsaya a Katsina ba. Iskar gabas da na ambata ba miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi kamar maciji, kuma kowane kwana uku zuwa biyar lanƙwasa ɗaya takan wuce ta kanmu ɗauke da hadarurruka. Kimanin sittin ke ratsa Afirka ta Yamma a shekara su faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. A 1974 ƙasashe da dama suka haɗa jiragen ruwa da na sama a Dakar don nazarin su. A kan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai digiri 26 ko 27, wasu sukan fara juyawa. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a sa'a sai a raɗa wa guguwar suna; idan ya kai 119 ta zama mahaukaciya. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga nan asalinsu yake, har da Andrew wadda ta ragargaza kudancin Fulorida a Amurka a watan Agusta na 1992.

Abin mamaki a nan shi ne, saɓanin iska da ke kintsa hadari a kan tudu, shi ne ke wargaza guguwa a kan teku. Guguwar teku tana bukatar ta tsaya kyam kamar turmi, gizagizai na kewaye da cibiya. Idan iskar sama ta ture kanta gefe, ko busasshiyar iskar Sahara ta shige ta, sai cibiya ta kasance nan, ruwa kuma can nesa. Wani lokaci tsohuwar cibiyar ta mutu, sabuwa ta ɓullo a wani wuri. Mai hasashe kuwa daga cibiya yake fara lissafi. In ya ba kwamfuta wurin farawa na kuskure, duk hanyar da za ta zana masa kuskure ce.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne guguwar Erika ta watan Agusta na 2015. Daga gaɓar Afirka ta fito, kuma har ta mutu ba ta taɓa kintsawa ta zama mahaukaciya ba. An yi ta zana mata hanya zuwa Fulorida, har gwamnan jihar ya kafa dokar ta-ɓaci, amma ta watse tun ba ta isa ba. Ana can ana kallon cibiya, ruwanta ya koma kudu da cibiyar ya sauka a kan ƙaramin tsibirin Dominika ranar 27 ga Agusta. Fiye da milimita 300 ya zuba cikin sa'a goma sha biyu, watau kusan rabin abin da birnin Katsina ke samu a shekara. Tsaunuka suka zaftare, ƙauyen Petite Savanne ya zama kufai, mutum talatin suka rasu.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Ruwan dare ɗaya ne ya ci mutum fiye da arba'in a Jibiya a tsakiyar watan Yuli na 2018. Wani nazari da aka buga a 2017 ya nuna cewa hadarurruka mafi tsanani a Sahel sun ninka har sau uku tun daga 1982, saboda Sahara na ƙara zafi. Mu da muka tashi da labarin farin 1973 da na 1984 mun saba jin tsoron rashin ruwa. Ba mu saba jin tsoron zuwansa a tare ba, shi ya sa ake ta gini a kan hanyar ruwa.

To, ina wannan ya bar ma'aikacin gwamnati? Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina kowace shekara kafin damina ta kankama, haka ma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai. Wannan hasashe yana faɗin yadda daminar yanki za ta kasance a dunƙule, amma ba zai gaya wa manomin Kurfi ko hadarin yammacin yau na shuka ne ko na yaudara ba, kuma ba adalci ba ne a tuhume shi da abin da bai yi alkawari ba. Idan aka ce akwai yiwuwar ruwa kashi sittin cikin ɗari, sa'an nan bai sauka a unguwarku ba, ba ƙarya aka yi ba. Watakila ya sauka a Safana. A ganina malamin gona ya daina ce wa manomi "za a yi ruwa", ya koyi ce masa "jira ƙasa ta jiƙe kamu guda kafin ka zuba irinka duka", domin iri ya yi tsada, kuma shukar da ta tsiro ta ƙone asara biyu ce.

Akwai kuma aikin da ba sai mun jira kowa ba. Ma'aunin ruwa kwalba ce da mazurari, yaron firamare ma yana iya karanta shi. Da kowace makaranta daga Kurfi zuwa madatsar ruwa ta Zobe tana da guda, ana rubutawa kowace safiya ana aiko wa wannan jami'a, da cikin damina biyar mun san inda hadari ya saba darewa da kwarin da ya fi saurin cika. Ɗalibanmu na labarin ƙasa suna neman abin da za su yi bincike a kai; ga shi nan a ƙofar gida.