Linkis a Duwatsun Dinarik: Zuriyar Dabbobi Shida



Linkis wata babbar kyanwar daji ce ta ƙasashen sanyi, mai guntun wutsiya da tukkun baƙin gashi a kan kunne. Nauyinta yakan kai kilo 20, kuma yawancin abincinta ƙananan barewa ne. Ba ta zama a garke. Namiji guda yakan mallaki dajin da ya zarce murabba'in kilomita 100, saboda haka ba wuya yawonsa ya ƙetare iyakar ƙasa.

A duwatsun Dinarik, watau tsaunukan da suka ratsa Sulobeniya da Kuroshiya har zuwa Bosniya, farauta da saran daji sun ƙarar da ita tun farkon ƙarni na 20. Abin mamaki, maharba ne da kansu suka dawo da ita. A 1973 suka ɗauko guda 6, maza 3 da mata 3, daga duwatsun Karfatiya na Cekoslobakiya, suka sake su a dajin Kocebiye. Dabbobin suka hayayyafa, suka bazu, har hukuma ta ba da izinin harbinsu.

To, a nan ne aka yi tuya aka manta da albasa. An zuba ido ga yawansu, ba a kula da asalinsu ba. Duk linkis ɗin da ke yankin daga waɗannan 6 ya fito, wasu daga cikinsu ma 'yan'uwan juna ne tun kafin a kawo su, kuma babu wata zuriya kusa da za su cuɗanya da ita. Barbara tsakanin dangi na kusa, in ta daɗe, takan rage haihuwa, ta raunana 'ya'ya. Shi ya sa bayan shekarun albarka adadinsu ya yi ta raguwa, ko da yake dajin yana nan, abinci kuma bai ƙare ba.

Har ila yau ƙasar da aka sake su ta sake fasali. A 1973 Yugoslabiya ɗaya ce. Daga 1991 kuwa iyaka ta raba dajin, kowane ɓangare da dokarsa da ma'aikatansa. Dabba guda sai a ƙidaya ta sau biyu, ko kuma kowa ya ɗauka ta maƙwabcinsa ce.

Maganin ya zo ne ta shirin LIFE Lynx, daga 2017 zuwa 2024, da taimakon Tarayyar Turai. An kawo linkis 18 daga Romaniya da Sulobakiya: 12 aka saki a Dinarik, 6 a duwatsun Alfis na Sulobeniya. Na farko, Goru da Doru, sun iso a 2019. An saki Doru a gandun Risniyak na Kuroshiya, wanda daga sunan dabbar ya samo nasa. Ƙidaya kuwa da na'urar ɗaukar hoto ake yin ta, domin zanen jikin kowace daban yake, ma'aikatan ɓangarorin biyu kuma suna gwama hotunansu wuri guda. Baƙin sun hayayyafa da na gida, amma zuriyar Dinarik tana bukatar sabon jini lokaci lokaci muddin ba ta sadu da wata zuriya ba.