JAWABIN KWAMITI A KAN GININ ƊAKIN BAƘI GEFEN TSOHON GIDAN MAIGARI

Iyayenmu dattawa da kunka taso daga gida, da ƴan uwa mazauna Yamai, da ƴan cin rani da sunka aiko wakilai, muna yi muku barka da zuwa.

Maganar da ta tara mu kun san ta. Ƙungiya ta yi karo-karo don a gina ɗakin baƙi da wurin taro, na siminti da kwano, gefen tsohon gidan maigari wanda kakanninmu sunka gina da tubali da azara. Mun kai takarda da zanen ginin meri, kuma amsa ta fito. An ba mu izini, amma da sharaɗi 4. Wasu sun ji haushi, suna cewa filinmu ne, kuɗinmu ne, mi ya kawo ma'aikacin biro ciki? Mu ƴan kwamiti mun zauna da maginan garinmu, mun bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, kuma shawararmu ita ce a karɓe su duka. Ga dalilanmu.

Na farko, an ce kada sabon gini ya jingina da tsohon bango, a bar lungu tsakani. Ginin siminti yana son a gina masa tushe mai zurfi. In anka yi wannan haƙa a gindin bangon ƙasa, ƙasar da ke riƙe da shi za ta saki, bango ya tsage, tsagar kuwa ba ta tsayawa inda ta fara.

Na biyu, an ce ruwan kwano ya zuba can wajen hanya, ba wajen zaure ba. Soro yana tara ruwansa ya fitar ta indararo nesa da bango, shi ko kwano zubar da ruwa yake gaba ɗaya a ƙarƙashinsa. In ruwan nan ya kwanta gindin zaure damina biyu ko uku, bango zai jiƙa daga ƙasa har ya zauna. Duk mun ji abin da ya faru a Damagaram cikin watan Satumba 2024, lokacin da ruwan sama mai yawa ya kada tsohon masallacin Birni, ginin da ya haura shekara 150 a tsaye. In ruwan damina kaɗai ya iya haka, ina ga mu da kanmu mu juya shi bisa namu bango?

Na uku, an hana a shafa wa tsohon bango siminti. Wasu ƴan uwa sun so a yi haka don a huta da yaɓe. Maginanmu sun ce siminti ba ya kama jikin ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali waje yana sheƙi. Ranar da siminti ya ɓantale, sai a tarar ciki ya zama kunu. Yaɓen ƙasa da makuba shi ne maganinsa tun kaka da kakanni.

Na huɗu, an ce tsawon sabon gini kada ya wuce zankwayen zaure. Wannan maganar girma ce. A zauren nan aka naɗa masu gari, nan ake sasanta rigimar gona da ta aure. Baƙon da ya shigo gari ya kamata idonsa ya fara sauka a kansa.

Kada mu ɗauka an tsane mu ne. Ƙasarmu tana da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda anka kafa don kare kayan tarihi da na gado. Kuma akwai waɗanda sunka riga mu bin wannan hanya. A Dandaji, cikin jihar Tawa, tsohon masallacin ƙasa ya tsufa, jama'a na son sabo. Masu zanen gini, Mariyama Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sunka tsara a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci gefensa da tubalin ƙasa da inji ya matse. Anka kira maginan da sunka san tsohon ginin sunka sa hannu, aiki ya ƙare a 2018. Yau Dandaji na da biyun duka.

Saboda haka muna roƙon taro ya amince da abu 3. A sake zanen bisa sharuɗɗan, a mayar meri a sa hannu kafin a sayi ko buhun siminti guda. A ware wani kaso cikin kuɗin da anka tara don yaɓen zaure da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka. Sannan iyayenmu su zaɓi mutum biyu mazauna gari da za su tsaya ranar haƙar tushe, tun da mu muna nesa. Mun san za a ɗan yi jinkiri, amma sauri ya haifi nawa. Ɗakin baƙi in ya lalace kuɗi na tada wani, zauren kaka in ya faɗi babu kasuwar da za a sayo shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maida kowa gidansa lafiya.