Daga Birnin Daura Zuwa Bahiya: Rabon Hausawa a Rikicin Daular Fotugal



Duk wanda ya tsaya a nan Kongolam, ya ga motocin Daura suna jiran a duba takardunsu kafin su nufi Matamaye da Damagaram, zai ɗauka cewa tarihin mu'amalarmu da Turawa bai wuce Ingila da Faransa ba, domin su ne suka ƙulla yarjejeniya a Landan a 1906, sa'an nan jami'ansu Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa alamun iyaka har 1908, suka raba dangi gida biyu. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ce farkon lamarin ba. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, shekara ɗari kafin haka akwai 'ya'yan ƙasar nan da suka ɗanɗani mulkin wata daular Turawa, watau Fotugal, a ƙasar Burazil da ke hayin teku, har suka ɗauki makami a kanta tun ba a san sunan Gwamna Lugga a ƙasar Hausa ba.

Asalin al'amarin fitinu biyu ne da suka zo a zamani guda. A nan, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, bai daɗe ba Malam Isiyaku ya ci Birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure, sarauta ba ta koma hannunta a birni ba sai zamanin Sarki Musa, bayan zuwan Ingilishi. A can kuwa, rundunar Nafoliyon ta shiga Fotugal a watan Nuwamba na 1807, Yarima Juwan mai riƙon sarauta ya kwashi mahaifiyarsa Sarauniya Mariya da fadawa, suka bar Lisbon ranar 29 ga watan a ƙarƙashin kariyar jiragen yaƙin Ingila, suka sauka birnin Salbado na lardin Bahiya a Janairun 1808. Wannan birnin kuwa shi ne kasuwar da ake kai kamammun yaƙe-yaƙenmu, waɗanda fatake ke gangarawa da su ta Nufe da ƙasar Oyo zuwa Ikko da Wida, inda Fotugal ta gina ganuwa tun 1721, a musanya su da tabar Bahiya wadda ake shafa wa ruwan rake.

Wajibi ne a nan mu yi wa kanmu adalci. Fiƙihu ya haramta bautar da Musulmi ɗa, Shaihu Ahmadu Baba na Tambutu ya yi fatawa a kan haka tun ƙarni na 17, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma bai yarda a sayar wa Nasara bayi ba. Duk da haka yaƙi ya fi ƙarfin fatawa, an kama mutane daga ɓangaren masu jihadi da ɓangaren sarakunan Haɓe, kwaɗayin riba ya kai su bakin teku, cikinsu har da almajirai da mahaddata.

Ga wanda ya fi taɓa mini zuciya. Wani masani mai suna Jose Bonifasiyo, bayan komawarsa Burazil daga Fotugal a 1819, ya tara bayi shida da aka kawo daga ƙasashenmu yana tambayarsu labarin garuruwansu, aka buga bayanin a Faris a 1826. Ɗaya daga cikinsu mutumin Birnin Daura ne, an kama shi a yaƙi, an laƙaba masa sunan Nasara, Matiyus. Ku dubi halin mutumin da ya sha ruwan rijiyar Kusugu, yana zaune gaban baƙo yana lissafa zangon da aka bi da shi ɗaya bayan ɗaya har teku, alhali abin da mai tambayar yake nema shi ne inda kogin Kwara ya nufa, domin a lokacin Turawa ba su warware wannan mas'ala ba tukuna. An rubuta hanyar, ba a rubuta sunan da aka raɗa masa ranar suna ba. Bonifasiyon nan shi ne ya zama babban waziri lokacin da Burazil ta ɓalle daga Fotugal, kuma, a faɗi alherinsa, ya rubuta shawarar a kawar da bauta sannu a hankali, ba a saurare shi ba.

Mutanenmu ba su zauna jiran rahamar kowa ba. A watan Mayu na 1807, wata shida kafin Yarima Juwan ya yi hijira, gwamnan Bahiya ya gano shirin tawaye na Hausawa a Salbado, aka sami kwari da baka da layu a gidan da suke taruwa, aka kashe biyu daga shugabanninsu. A Janairun 1809 suka sake tashi a wajen Nazare. A Fabrairun 1814 suka ƙone wuraren masunta a Itafuwa, arewa da birnin, kuma takardun shari'ar sun nuna cewa wani malami ne ke jan ragamarsu. Ra'ayina shi ne, waɗannan mutane ƙwararrun mayaƙa ne da suka zo da ilmin yaƙi daga fagen jihadi, kuma waɗanda jiya suke harbin juna a ƙasar Hausa, ƙangin bauta ya mai da su sahu ɗaya.

Daga nan daular Fotugal ta shiga tangal-tangal. A 1815 Ingila ta sa Fotugal ta sa hannu a kan daina cinikin bayi a gaɓar da ta haɗa da Ikko da Wida, sai cinikin ya koma fasa-ƙwauri har 1850. Juyin juya hali ya tashi a birnin Porto a 1820, Juwan, wanda ya riga ya zama sarki, ya koma Lisbon a 1821, ɗansa Fedro ya ayyana 'yancin Burazil ranar 7 ga Satumba 1822, aka gwabza a Bahiya har sojan Fotugal suka fita ranar 2 ga Yuli 1823. Tuta ta sauya, bawa yana nan a bawansa har 1888, kuma mu da muka ga 1960 mun san cewa saukar da tuta daban, sauke wa talaka kaya daban.

Shi ya sa a daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin Salbado suka fito da fararen riguna da takubba. Galibinsu Yarabawa ne, amma da Hausawa, kamar malam Dandara, 'yantaccen bawa mai sayar da taba wanda yake karantar da almajirai a shagonsa. An murƙushe su kafin gari ya waye, aka kwashe alluna da layu da ƙananan littattafan addu'a da aka samu a jikinsu da gidajensu, aka shigar da su shaida a gaban alƙali, wasunsu kuma suna nan ajiye a ma'ajin tarihi na jihar Bahiya har yau.

A kan waɗannan takardu nake roƙon taron nan. An rubuta su ne da irin hannun da alarammominmu suke rubuta allo da shi, kuma gardin da ya tashi a tsangaya yana iya gane ayar da aka gutsure, da hatimin da aka zana, da kuskuren ɗan koyo, fiye da wanda ya koyi Larabci a jami'ar Turai. Ina ba da shawara masarautar Daura ta haɗa kai da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, a nemo hotunansu tare da bayanin Bonifasiyo, a fassara bayanin da Hausa, a zaunar da malamai daga Daura da Zango da Baure, har da na Magarya da Matamaye, su karanta su layi-layi, su rubuta abin da suka gani.