Wa Ke Riƙe Yara In Mun Fita?



Kafin farin 1973 da na 1984, aikinmu a rabe yake: maza na bayan shanu, mata na tatsa da kaɗa nono, yara kuwa ga su a gaban kowa. Da dabbobi suka mutu, maza da yawa suka tafi gadi Kano da Abijan, mata suka shiga birane kitso da tallar magani.

To, wa ke riƙe yaran? Kaka, in da sauran ƙarfinta. In babu, sai babbar ɗiya, wata ma ba ta cika shekara goma ba. Ita ce goyo, ita ce ɗiban ruwa, kuma ita muke fara cirewa daga lakkol. Mu faɗi gaskiya, wannan laifinmu ne.

Dokar makiyaya ta Nijar ta 2010 ta amince da haƙƙinmu na ƙaura da dabbobi, amma ba za ta yi mana reno ba. Don haka muna roƙo, kafin a tashi zuwa Ingal, kowace ruga ta zauna, mata su tsara karɓa-karɓar reno. Ku kuma maza, tunda kullum kuna bakin rijiya wajen shayarwa, ku riƙa zuwa da ruwan gida.