Daga Gimi zuwa Bowie



Da aka ce in yi magana a kan bege, na so in ƙi, domin bara ni kaina na rasa shi. Mahaifiyata ta kwanta da ciwon shanyewar ɓarin jiki a Zariya, ni kuwa ina nan Bowie, takarduna ba su ba ni damar tafiya ba. Likita ne ni, na san ciwon ciki da waje, amma ban iya yi mata komai ba sai kiran waya. Na roƙi Ubangiji ya yi abin al'ajabi. Bayan wata bakwai ta rasu.

Daga baya ƙanwata ta gaya mini wani abu. Wata tsohuwa 'yar zumuntar mata takan zo kullum da kunu, ta yini tana juya Mama, ta shafa mata mai. Ku da kuke aikin jinya kun san mai kwanciya irin wannan, in ba a juya shi duk bayan awa biyu, fatar baya takan buɗe ta zama gyambo. Na sha ganin haka ko a nan Amurka, duk da kayan aikinmu. Da aka wanke Mama, ko ƙurji babu a jikinta. Ni ina ta jiran Allah ya zo da tsawa, ashe kullum da safe yana shigowa gidanmu da kwanon kunu.

Ba yau aka fara ba. Ku tuna da Gimi, ƙauyen da Isawa suka zauna bayan sun karɓi bishara. Cutar barci ta cinye mutanensa, 'yan kaɗan da suka rage aka dawo da su Zariya, a 1929 kuma mishan ta koma Wusasa. Wanda ya ga kaburburan Gimi cewa zai yi aikin ya mutu. Amma daga zuriyar Isawan nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Waɗanda suka yi jinya a Gimi kuwa, yawancinmu ko sunansu ba mu sani ba.

Har yanzu ban je na ga kabarin Mama ba. Tsohuwar nan dai na kira ta in yi godiya, sai ta ce, "Likita, ai ba komai, hanyata ce ta zuwa kasuwa." Ƙanwata ta ce kasuwar tana gabas, gidanmu yana yamma.