Kututture bai mutu ba: jawabi a kan dogara ga alherin Allah

Ga jawabin da wakilinmu na ma'aikatar yaƙi da jahilci ya yi wa ɗaliban karatun manya a Korgom. A karanta shi a cikin aji, kowa ya faɗi ra'ayinsa.

 

Kwanan baya, bayan an tashi daga aji, wata baiwar Allah ta tsai da ni. Ta ce: "Malam, ga mutum an zalunce shi. Ya yi kuka, ya roƙi Allah, bai ga sauyi ba. Mi zai yi?" Ban ba ta amsa ba a ranar, don tambayar tana da nauyi. Yau na zo da amsa. Kun san ni Kirista ne. Zan yi magana da abin da na koya a addinina. Amma wahala ba ta tambayar addinin mutum kafin ta shiga gidansa. Saboda haka maganar ta kowa ce.

Mutum biyu da sunka sha wuya

Kowa ya san labarin Annabi Yusufu. Yana cikin Alƙur'ani, yana cikin Littafi Mai Tsarki. Ƴan'uwansa na jini sunka jefa shi rijiya. Anka sayar da shi bawa zuwa Masar. Can kuma matar ubangidansa ta yi masa ƙazafi, anka sa shi kurkuku. Littafin Farawa ya nuna yana da shekara 17 sa'ad da abin ya soma, yana da 30 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Ku lissafa, ku da kunka koyi ƙidaya: shekara 13 ke nan. Da yunwa ta kawo ƴan'uwansa gabansa, yana da ikon ramawa. Bai rama ba. Hatsi ya ba su.

Na biyu shi ne Manzo Bulus. Sau 5 anka yi masa bulala 39. An jefe shi da duwatsu. Sau 3 jirgin ruwa ya fashe da shi. Ban da wannan, akwai wata damuwa da ke sukarsa kamar ƙaya. Sau 3 ya roƙi Ubangiji ya cire ta. Ba a cire ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga mutanen Korinti, sura ta 12, ya faɗi amsar da ya samu: alherin Allah zai riƙe shi, ko da ƙayar tana nan.

Mi ake nufi da alheri? Kyauta ce wadda ba ka saya ba, ba ka kuma yi aikinta ba, kamar ruwan sama. Allah bai yi alkawarin ba za a cuce ka ba. Ya yi alkawarin ba zai bar ka kai kaɗai ba.

Abin da ya faru a ƙasarmu

Kada ku ce wannan labarin mutanen dā ne. Manyanku sun tuna shekarar 2015. Wata jarida a Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Annabi Muhammadu. Ran Juma'a 16 ga Janairu tarzoma ta tashi a Damagaram, kashegari ta kai Yamai. Mutum 10 sunka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da anka ƙone. Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen nan. Wasu ko sunan jaridar ba su taɓa ji ba. Amma su ne sunka kwana a barikin soja, sun bar gidajensu.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko, akwai Musulmi da sunka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin gidajensu. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya fito ya ce masu ƙone wuraren ibada ba su fahimci Musulunci ba. Na biyu, shugabannin Kirista sun faɗa a fili cewa sun yafe. Ba a ɗauki sanda don ramuwa ba. Anka share toka, anka ci gaba da sujada, sannu a hankali anka sake gini. Da an rama, da wutar ta ci gidaje nawa?

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Yanzu mu koma gona, inda kun fi ni sani. A shekarar 1981 wani Bature ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi tare da ƴan mishan na SIM. Aikinsa dashen itatuwa ne. Ya yi ta dasawa, suna mutuwa. Rana ta ƙone wasu, awaki sunka ci wasu, iska ta binne saura. Har ya kusa fid da rai.

Wata rana a 1983 yana kan hanyar ƙauye da mota cike da ƴan itatuwa. Ya tsaya ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya dubi fili fetal, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya matsa kusa, ya ga ashe ba ciyawa ba ce. Tohon kututture ne. An sare itacen tun da daɗewa, amma saiwarsa tana da rai. Ashe daji yana nan ƙarƙashin ƙasa, muna sare tohonsa kowace shekara wajen sassabe.

Daga nan sassaben zamani ya samo asali. Kun san yadda ake yi. A zaɓi toho mai ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a bar shi. A datse saura. A kāre shi daga dabbobi da gatari.

Manoman da sunka fara gwadawa ba su da yawa, kuma sun sha dariya. An ce ƙazamai ne, ba su iya share gona ba. Shi kansa Baturen an kira shi mahaukaci. Ɓarayi sun bi dare sun sare itatuwan. Ga kuma yunwar 1984 ta zo. Amma waɗansu ba su daina ba. Daga baya masana sunka kimanta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar, a fili wajen hekta miliyan 5. A 2018 anka ba Rinaudo babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. Ku dubi gawo da kalgo da sabara da ke gonakin Tasawa da Mayahi. Da yawansu ba wanda ya dasa su. Barinsu anka yi.

Littafin Ayuba, sura ta 14, ya yi maganar itacen da anka sare, ya ji ƙanshin ruwa, ya sake toho. ƴar'uwata mai tambaya, ga amsarki. Wanda ya zalunce ki ya sare abin da ido ke gani. Bai kai ga saiwa ba. Saiwar tana hannun Allah.

To, mi za mu yi?

Na ɗaya, kada ka rama mugunta da mugunta. Yesu Almasihu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Hausawa ma sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Na biyu, haƙuri ba ya hana neman hakki. Bulus da kansa ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. In an ci maka iyakar gona, ko an hana marayu gado, je wurin mai gari. In abin bai mutu ba, ga sarki, ga alƙali. A rubuta takarda, ka karanta da idonka kafin ka sa hannu. Don irin wannan rana muke zaune a ajin nan.

Na uku, kada ka ɗauki kayan kai kaɗai. Faɗa wa Allah. Faɗa wa fasto ko liman ko wani dattijo mai riƙon amana. Baƙin cikin da anka rufe a ciki yana cin mutum kamar gara.

Na huɗu, dubi abin da ya rage maka, ka kula da shi kamar toho. Lafiya ce? Ƴaƴa ne? Sana'ar hannu ce? Maƙwabci nagari ne? Nan alherin Allah yake aiki tun yanzu.

Na biyar, in ka ga ana cutar wani, buɗe masa ƙofa, ko addininku ba ɗaya ba. Wataƙila kai ne amsar addu'arsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Ba kowane mai haƙuri ke zama waziri kamar Yusufu ba. Bulus bai ce mana an cire ƙayar ba. Toho kuma ba ya zama inuwa a damina guda. Amma wanda ya sare nasa don fushi, ba shi da inda zai zauna ran da rana ta yi zafi.

Gobe in kun je gona, ku nemi kututture guda mai toho, ku bar shi. Sa'an nan kowa ya rubuto mana sunan itacen da hannunsa.

Allah ya sanyaya zuciyar wanda anka cuta. Allah ya ba mu damina mai albarka da zama lafiya.