KU ƘIDAYA HATSINKU TUN DA KAKA

Ƴan uwa maza da mata, ɗaliban yaƙi da jahilci na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da duk inda kuke. Yau zancen rumbu za mu yi. Kowa ya ɗauko kaye da bik, don akwai lissafi.

Ga tambaya. Kai mai gida, hatsin da ka kai rumbu bana, wane wata za ya kai ka? Na yi wagga tambaya a aji, sai wani dattijo ya ce mini: "Malam, wannan sai Allah." Gaskiya ne, ruwa na Allah ne, albarka ta Allah ce. Amma damin da ke cikin rumbunka ya riga ya zo hannunka, kuma yana ƙidayuwa. Yawancinmu ba mu sanin hatsi ya kusa ƙarewa sai ranar da uwargida ta leƙa ta hangi gindin rumbu. Ranar nan kuwa bazara ce, tiya ta yi tsada, ga aikin gona ya taso.

To, ga yadda ake yi. Ma'aikatan noma sun daɗe suna lissafa wa mutumin ƙauye kilo 250 na hatsi a shekara. Tiya guda ta hatsi wajen kilo 2 da rabi ce. Ke nan mutum guda yana bukatar tiya 100 a shekara, wato buhu 2 da rabi, tunda buhu mai kilo 100 tiya 40 yake ci. Ku rubuta: mutum 1, tiya 100. Za ku ce yaro ba ya cin na babba. Haka ne. Amma ku ƙidaya shi kamar babba, don abin da ya rage shi ne na baƙo, da na almajiri, da furar suna.

Dami kuwa ba duka ɗaya ba ne. Na wani gari ya fi na wani girma, kuma damin shekarar ruwa ya fi na shekarar fari nauyi. Don haka kada ka ɗauki lissafin maƙwabcinka. Fid da dami guda matsakaici, a sussuke shi, a sheƙe, a auna da tiya a gabanka.

Mu ɗauki misali. A ce gida mai mutum 8. Bukatarsu tiya 800 ce a shekara, wato wajen tiya 67 kowane wata. A ce sun samu dami 120, kowane dami ya ba da tiya 5. Zakka ita ce farko: noman ruwan sama ɗaya cikin goma ne, dami 12 ke nan. Saura 108. Dami 108 sau 5, tiya 540. A ware iri tiya 20, don sau da yawa shuka ta farko tana ƙonewa, sai an sake. Saura tiya 520. Ku raba da 67, za ku ga bai cika wata 8 ba. In an fara ci a Oktoba, ƙarshen Mayu rumbu ya yi fayau. Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, babu komi. Giɓin shi ne tiya 280, buhu 7.

Wanga mai gida, ranar da aka ɗaure masa dami 120, murna yake, yana ganin ya fita kunya. Mai sayen hatsi ya zo ƙofar gida da kuɗi, ya sayar masa da dami 20 don bikin ɗansa. Bai san ba rara ya sayar ba, tuwon watan Mayu ya sayar. In damana ta faɗi za ya koma wurin mutumin nan ya sayi hatsin da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Ko kuma ya bar gonarsa da haki ya tafi ƙodago gonar wani don tiya biyu ta yini. Gonar da ba ta samu noma a kan lokaci ba, kun san abin da take bayarwa. Baɗi sai ta fi bana wuya.

Ni na gani da idona. A shekarar 2005 ina yaro ɗan lakwal. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka wurare da dama. A gidanmu an samu ɗan abin da aka samu, amma aka sayar da kashi mai yawa tun da kaka don biyan bashi da wata hidima. Kafin shuka mun koma ga anza. Wanda ya taɓa cin anza ya san kwana nawa ake jiƙa ta kafin ɗacinta ya fita. Awakin mahaifiyata uku suka tafi a kuɗin da bai kai na guda ba. Dattawa suna ba da labarin 1973 da 1974, da ta 1984 wadda ake kira El Buhari. Irin waɗannan shekaru lissafi ba ya cika rumbu, ban ce haka ba. Amma da mun san giɓinmu tun Oktoba, da an sayar da akuya lokacin da take da ƙiba da daraja, an sayi hatsi lokacin da yake da araha.

Amfanin lissafin ke nan. Wanda ya san buhu 7 suka rage masa yana da wata bakwai na dabara. In tafiya biɗa za ka yi, Kano ko Abijan ko Agadas, ka san abin da ka tafi nema, kuma kuɗin farko da ka aiko a sayi hatsi da shi nan take, kada a jira dawowarka. In kana kusa da fadama ko rijiya, ga noman rani. In biki ne, a rage. Na san maganar nan ba ta da daɗi, don kowa yana tsoron bakin mutane. Amma masu cin tuwon biki ba za ka gan su ba a watan Yuli.

Wani za ya ce: "Malam, kuɗi nike bukata yanzu, ga magani, ga kayan lakwal na yara, me zan sayar in ba hatsi ba?" Tambaya ce mai kyau. Fara da abin da aka noma don kasuwa: wake, gujiya, riɗi, aya, yakuwa. Sannan akwai wata hanya da ƙungiyoyin manoma suka fara a ƙasarmu wajen 1999, ana ce mata warantaji. Manoma suna tara amfaninsu a magaza guda, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin masu ba da bashi. Sai a ba kowa bashi daidai wani kashi na darajar kayansa. Bayan wata biyar ko shida ka biya, a buɗe, ka ɗauki buhunka. Sai dai ku sani akwai riba da ake ɗorawa a kan bashin, da kuɗin ajiya, kuma akwai shekarar da farashi ba ya tashi kamar yadda aka zata. Kada ka sa hannu sai ka karanta takardar da kanka, ka ga nawa ka karɓa, nawa za ka biya, wace rana. Ai don irin wagga rana kake zuwa aji.

Wake in za a ajiye shi, sai an yi maganin ƙwaro. Tun wajen 2007 akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. Wake ya bushe sarai, a duba leda ba ta huje ba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ya rasa iska sai ya mutu, ba a sa magani ko kaɗan. A ɗora buhun bisa katako, nesa da ɓera. Ƙwayar maganin nan kuwa da wasu ke jefawa cikin buhu, hayaƙinta guba ne, yana kashe mutum. Kada a ajiye buhu mai ita a ɗakin da ake kwana, balle inda yara suke.

Yanzu ku mata. Ku ne kuke ɗibar hatsi kullum, kun fi kowa sanin tiya nawa gida ke ci a yini. A garuruwa da yawa mai gida yana rufe babban rumbu bayan kaka, ya tafi biɗa, ke ce za ki riƙe yara da abin da kika samu a gamanarki. To ke ma ki ƙidaya naki. Ki ja layi a kaye, kowace tiya da aka ɗiba ki sa alama, ƙarshen wata ki tara. In kina cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ku yi shawara tsakaninku ku sayi buhu ko biyu tun yanzu ku ajiye. Kai kuma mai gida, zauna da iyalinka ku yi lissafin tare. Ba raini ba ne mace ta san dami nawa ke cikin rumbu.

Ga aikin wanga mako. Kowa ya rubuta abu huɗu: mutum nawa ke ci a gidansa, dami nawa ya samu, tiya nawa dami guda ya bayar, da iri nawa za ya ware. Wanda bai iya rabawa ba tukuna kada ya damu, ya kai wa malaminsa lambobin, a yi a allo tare. Wanda kuma ba ya so a ji sirrin rumbunsa a aji, ya tsaya bayan an tashi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake rubuta takardar bashi tsakanin mutum biyu.